Wanda Zai Ba Damoa Ruwa

"Ka yi a hankali, Di'o. Wuyana ne, ba akuya kake fiɗa ba."

Farfesa Sintim ya ɗaga rezar ya goge kumfar a jikin tawul. Fatar Dakta Damoa ta saki, sai an ja ta da yatsa kafin reza ta sami wurin bi.

"In ka yi shiru zan gama. Mutum na kwance magashiyyan, amma bakinsa bai sami labari ba."

"Bakin ne kaɗai ya rage min, ka bar ni in more shi. Ga nan, ƙasan kunne, ka tsallake. Aikinka ke nan tun a Landan, ka duba sama-sama ka ce ka gano."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a bayan unguwar Madina ta birnin Ankara, inda malaman jami'a suka yanki filaye tun wurin yana daji. Suna samari aka tura su karatu waje, Sintim zuwa Landan, Damoa zuwa Laifzig ta Jamus ta Gabas. Abu ɗaya aka ce su je su koyo, wato Afirka. Abin dariya, ɗan Afirka ya hau jirgi ya tafi ƙasar sanyi a gaya masa ko shi wane ne. Suka dawo kamar yaran da aka aika kasuwa biyu sayen abu ɗaya, kowa na rantsuwa nasa ne na ainihi.

A Landan an koya wa Sintim ya tare a ƙauye ɗaya, ya ci abin da suke ci, ya rubuta yadda suke aure da gado da binne gawa. Damoa ya ce Turawan Ingila sun ƙago wannan karatu ne don jami'in mulkinsu ya san ta inda zai kama mutane ya karɓi haraji, shi ya sa ya laƙaba masa Di'o. A Laifzig kuwa nahawun harsuna aka ɗura wa Damoa har ya ƙoshi, sannan aka ce ya tambayi kowane tarihi abu ɗaya: wa ke noma, wa ke ci? Sintim ya ce an koya musu neman ma'aikatan masana'anta a ƙauyen da ko injin niƙa babu, ya kuma sa masa Kwamared. A kan wannan suka tsufa. Sun yi musun a ɗakin malamai, sun yi shi ta saman katanga kowa na ban ruwan shukarsa, har ranar jana'izar matar Damoa sai da suka taɓa shi kaɗan a cikin mota.

Da aka gama askin, Damoa ya shafa haɓarsa, ya daɗe yana kallon silin.

"Di'o, littafin nan naka. Babin mutuwa."

"Wanda ka ce wa ɗalibai ya fi dacewa da naɗe ƙosai?"

"Shi. Ina nan a kan bakana, littafin banza ne, ba ka tambayi ko mutum ɗaya wa ke da gonar koko ba. Amma maganar ruwan nan." Ya tsaya ya nemi numfashi. "In lokacin ya zo, kai za ka ba ni."

Duk ɗan ƙabilarsu ta Akan ya san wane ruwa ake nufi. Ba a barin mutum ya cika da busasshen maƙogwaro. Tsofaffi sun ce hanyar can tudu ce, mai hawa kuwa sai da ruwa, don haka in rai ya zo gargara wani nasa zai ɗaga kansa ya zuba masa a baki. Don wannan ma ake haihuwa. In tsohuwa ta ce ba ta da mai zuba mata ruwa a baki, to ta gama faɗin maraicinta. Sintim ya cika babi guda a kan haka.

Dariya ya fara yi, don ya ɗauka tsokana ce. Da ya dubi fuskar Damoa sai dariyar ta maƙale.

"Kai? Kai da ka ƙi zuba wa kakanni giya a ƙasa ranar binne mahaifinka, har dangi suka yi fushi da kai?"

"Ban ce na yarda ba. Cewa na yi ka ba ni. Ina yaro na ga uwata ta ba ubanta, ina leƙe ta bakin ƙofa. Kwanan nan da na rufe ido shi nake gani." Ya juyo da kansa da ƙyar. "Kuma Birago za ta tambaya. Ka san ta. Kafin ta ajiye jaka za ta tambaya."

Birago yayarsa ce, ita kaɗai ta rage masa a ƙauyensu can wajen Wenchi. An aika mata, amma ƙafa ta hana ta hawa motar haya, tana jiran jikanta mai mota ya dawo daga tafiya ya kawo ta. Ɗan Damoa tilo yana Hambug ta Jamus, ƙasar uwarsa, yana turo magani yana cewa ƙarshen wata zai zo. Ban da Sintim da matarsa Dufie, babu mai shiga gidan sai ma'aikaciyar jinya da ke leƙowa da sassafe.

"Na ɗauka," in ji Sintim.

"Ka faɗa da kyau, ba irin ta 'yan Landan ba."

"Na ce na ɗauka, Kwamared. Ni zan ba ka."

Haka suka raba jinyar, Dufie da safe, Sintim daga azahar zuwa yamma. Sai aka wayi gari ranar da Dufie za ta je asibiti a duba hawan jininta, wuni guda kuwa ake yi a layin nan. Ta kai wa Damoa kunu, ta dawo tana ɗaura kallabi a tsakar gida.

"Yau duka naka ne, Kwaku. Kada ka motsa."

"Ina za ni?"

"Na ga ka fito da zanenka na kente, na zuwa taro, jiya ka shanya."

"Iska nake sa ya sha."

Ta dube shi irin kallon da mace ke wa mijin da ta sani ciki da bai, ta ɗauki jakarta ta fita.

Akwai dalilin shanya kenten. A ranar ne jami'a ke taro a kan yadda nazarin Afirka ya taso a ƙasashe daban-daban, kuma tun da daɗewa aka gayyace su su biyu, ɗaya ya yi maganar Ingila, ɗaya ta Jamus ta Gabas. Sintim ya riga ya aika cewa ba zai samu zuwa ba. Amma fa abin na cinsa. Tun da ya yi ritaya babu wanda ya sake kiransa ko sunan jariri, yaran yanzu kuwa in sun ambaci littafinsa, don su nuna yadda bai kamata a yi bincike ba ne. Ya so a ce ko sau ɗaya ya tsaya a gabansu ya kare kansa kafin shi ma a shafe shi.

Hantsi ya dubi ludayi sai waya ta yi ƙara. Dakta Ayele ce, matashiyar da ta shirya taron.

"Farfesa, ku yi min rai. Na Faransa ya zo, ta Amurka ta zo, kujerar Ingila da ta Jamus duk babu kowa. Mota na hanya. Ku yi magana kawai a mayar da ku, ko shayi ba sai kun tsaya sha ba."

Bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Ya zagaya gidan Damoa ya tarar da shi yana barci, baki a ɗan buɗe, fanka na juyawa a hankali. Ya zauna a gefen gadon ya yaye mayafi daga ƙafafunsa.

A nan ne ilimi ya cuce shi. Lokacin bincikensa ya zauna a ɗakunan masu mutuwa ba adadi, alƙalami a hannu, tsofaffin matan ƙauyen suka koya masa alamomi ya jera su a littafi. Ƙafa ke fara tafiya, ta yi sanyi. Sai hanci ya tsuke. Sai numfashi ya riƙa tsalle yana tsayawa. Ya taɓa ƙafafun Damoa, da ɗuminsu. Ya duba hanci, yana nan yadda yake. Ya kasa kunne, numfashi na tafiya daidai. Ga shi ya sha kunu da safe har yana mitar babu sukari. Sintim ya ce a ransa, yau ba ranar ba ce, kuma in akwai wanda ya isa ya faɗi haka a duk Ankara, to shi ne.

Ya ƙara wa kansa da cewa ai don Damoa ma zai je, kada a yi taro a manta da Laifzig. Amma bai tashe shi ya gaya masa ba. Ya san in idanun nan suka buɗe suka dube shi, ba zai iya fita ba. Ya mayar da mayafin, ya ja ƙofar a hankali kada ta yi ƙara, ya je ya yafa kentensa.

Zauren ya cika maƙil. Wani farfesa ɗan Senegal ya fara, ya ce su a Faris an koya musu cewa kowace tatsuniya tana da wani ɓoyayyen gini a ƙarƙashinta, suka yi ta haƙa har suka manta da tsohuwar da ta ba da tatsuniyar. Ba'amurkiyar ta ce su kuɗin gwamnati ne ya fara buɗe musu ƙofa lokacin da ake tsoron kada Rasha ta kwashe Afirka, sai daga baya baƙaƙen ƙasar suka buga tebur suka ce ai kakanninsu ake magana a kai. Aka tafa musu daidai gwargwado.

Sai Sintim ya miƙe. Ya yi maganar Landan, bai ɓoye laifinta ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Da ya gama ya nuna kujerar da ke gefensa.

"Mai wannan kujera yana gida ba lafiya. Amma na shekara aru-aru ina shan baƙar maganarsa, na haddace ta. Bari in ara muku bakinsa."

Ya karkace kafaɗa yadda Damoa ke yi, ya shaƙe murya.

"Ku 'yan Landan an koya muku ku zauna a gindin bishiya ku rubuta yadda kakarku ke atishawa. Wa ke noma? Wa ke ci?"

Zauren ya ɓarke da dariya. Ya ba da amsar Landan da muryarsa, ya koma ya rama da ta Damoa, shi kaɗai yana musun mutum biyu, ɗalibai har da masu tsayawa a kan ƙafa. Rabon da a tafa masa haka tun yana da baƙin gashi. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya tambayi jikin Dakta Damoa.

"Yana nan. Bakin dai bai mutu ba."

Aka sake kwashewa da dariya.

Da a nan ya tsaya ya nemi mota, da wataƙila labarin ya sauya. Amma ɗalibai suka yanyame shi, wannan na son hoto, wancan na tambayar inda zai sami littafin, littafin nan dai na naɗe ƙosai. Ɗan Senegal ya kama hannunsa ya ce lallai su ci abinci tare. Sintim ya dubi agogo, ya ga abin da agogon ya ce sarai, ya zauna aka zuba masa dafa-duka da kaza. Daɗi yake ji, gaskiyar ke nan, kuma bai so daɗin ya ƙare ba.

A hanyar komawa suka faɗa cunkoson Madina. Motocin haya sun cushe, 'yan talla na bi tsakaninsu da burodi da soyayyar ayaba, direba na ta tsaki. A nan ne tsoro ya fara shigarsa, haka kawai, ba tare da wata alama daga cikin littafi ba. Ya riƙa tattara kenten yana sakewa har la'asar ta yi.

Dufie na zaune a kan dakalin gidan Damoa, kallabinta a cinya. Ba kuka take ba. Ta dube shi tun daga takalmi har kafaɗa, har da ƙunshin abincin da aka ba shi ya kawo wa mara lafiya.

"An tafa?" ta ce.

"Dufie..."

"Tambayarka nake. An tafa maka?"

Ya ajiye ƙunshin a kan dakalin.

"Likita bai zo ba, aka sallame mu da wuri. Na ce bari in leƙo in karɓe ka ka huta. Na tarar da shi ya riga ya tafi, jikinsa da sauran ɗumi. Ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, Kwaku, idonsa a buɗe. Ni na rufe masa."

"Ƙafafunsa da ɗumi na bar su. Na duba. Duk alamomin..."

"To sai ka shiga ka karanta masa."

Ya shiga. Fanka na nan na juyawa. Dufie ta riga ta miƙar da Damoa ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle. A kan teburin gefen gado akwai kofi da cokali, ya kai hannu ya ɗauka, ya tsaya da su. Shi da kansa ya rubuta cewa ba a ba gawa, ruwan na mai sauran numfashi ne. Ya ajiye. Ya so ya ce wani abu, ko da Kwamared ne, amma kunya ta hana shi buɗe baki a ɗakin. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na wannan yammaci ba.

Washegari, bayan an kai gawar ɗakin ajiya na asibiti, motar jikan Birago ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da ita da ƙyar, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa cikin baƙin zane, ƙafafunta a kumbure. A hanya labarin ya same ta, ta yi kukanta ta gama tun kafin Kumasi. Aka zaunar da ita a barandar Sintim, Dufie ta kawo mata ruwan baƙo kamar yadda aka saba kafin a tambayi mutum abin da ke tafe da shi.

Birago ba ta karɓi kofin ba. Jakarta ma na rungume a ƙirjinta.

"Wa ya ba Yaw ruwa?"

Yaw shi ne sunan Damoa na gida. Sintim ya buɗe baki, kuma Allah ya sani gaskiya ya yi niyyar faɗa. Dufie ta dubi tsohuwar, ta dubi kumburarrun ƙafafun da suka wuni a mota, ta riga shi.

"Ga shi nan, Maame. Maigidana ne ya ba shi."

Ba ta kalli Sintim ba da ta faɗa. Ba don shi ta yi ba, ya kuma san haka.

Birago ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta sauke jakar a ƙasa. Ta karɓi kofin ta ɗan zuba a ƙasa, ta sha sauran.

"Matso kusa, ɗan'uwana. Idona ba ya gani sosai."

Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Tun da aka ce min yana kwance ban yi barcin kirki ba. Na ce yaron nan ya yi faɗa da kowa, ya auri Baturiya, ya ce kakanni tatsuniya ne. Zai mutu a Ankara kamar kazar da mota ta taka, ba mai ɗaga kansa. In na je can me zan gaya wa uwarmu?" Ta goge ido da bakin zane. "Bai ƙi ba? Yaw da taurin kai."

"Bai ƙi ba, Maame. Shi ya roƙa da bakinsa."

Wannan kam gaskiya ce, ita ce kuma ta ƙarshe da ya faɗa a zaman.

"Shi ya roƙa," ta maimaita, tana jinjina kai. "To faɗa min yadda aka yi. Kada ka rage komai."

Sintim ya waiwaya neman Dufie, ta riga ta shige kicin. Sai ya fara. Ya ce ya zauna a bayansa ya jingina kansa a ƙirjinsa. Ya ce da hannun dama ya ba shi, kaɗan-kaɗan. Maganar na fitowa sumul ba gargada, don ya ga an yi a gabansa sau da yawa, ya kuma koyar da shi a aji shekara da shekaru. Babu wanda ya kai shi iya wannan ƙarya a duk ƙasar, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

"Me ka ce masa?"

"Na ce, Yaw Damoa, karɓi ruwa ka sha, hanya tudu ce. In ka isa ka gaishe su. Kada ka bar mugun abu ya waiwayo gidan nan."

"Haka ake faɗa. Haka uwarmu ta faɗa wa kakanmu, kamar kana wurin." Ta yi ɗan murmushi. "Yaw ya sha gaya min maƙwabcinsa bokon banza ya yi. Ashe ƙarya yake. Ya haɗiye?"

Sintim ya gyaɗa kai.

"Ya haɗiye."

"To shi ke nan. Ya hau. Da wane hannun ka ce?"

Ya miƙa mata na dama. Ta kama shi da hannayenta biyu, masu kaushi kamar ɓawon rogo, ta juya shi ta shafa tafin, ta ɗora a cinyarta ta riƙe. Ta fara ba shi labarin Yaw yana yaro, yadda ya taɓa musu da limamin coci har aka kore shi daga aji. Tana cikin labarin muryarta ta riƙa yin ƙasa, gajiyar hanya da ta kwanakin da ba ta runtsa ba suka taru suka danne ta. Kanta ya langaɓe a jikin kujera.

Dufie ta fito da tire, ta ga tsohuwar na barci, ta koma da shi.

Rana ta karkato ta shigo barandar, ta hau ƙafafunsu, ta kai gwiwa. Hannun Sintim ya yi tsami har kafaɗa. Ya gwada zare shi a hankali, sai yatsun Birago suka ƙara damƙewa cikin barci. Ya bar mata, ya ci gaba da zama.